Dokar gyaran daji ta Amurka: za ta hana gobara ko dabarar 'yan katako ce?

Wa'alaikumus salam Malam. Tambayarka ita ce wannan ƙudirin da ake ta ja-in-ja a kai a majalisar Amurka, Fix Our Forests Act, shin da gaske zai rage gobarar daji ne ko kuwa kamar yadda maƙwabtanka na can Kalifoniya ke faɗa, ƙofa ce kawai aka buɗe wa 'yan katako. Toh ni dai gandun daji na karanta, na yi aikinsa shekaru a nan gida, na kuma taɓa samun zama na ɗan lokaci a yammacin Amurka ina bin ma'aikatan dajinsu, don haka bari in faɗa maka yadda nake kallon abin. Ciwon da ƙudirin ya ce zai yi wa magani ciwo ne na gaske, ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Amma maganin rabi ne, kuma irin gobarar da ta sa ka tambaya, wadda ke shigowa gari ta cinye unguwa sukutum, ɗan gefenta kawai ya taɓa.

Sai ka fara sanin girman abin da ake magana a kai. Hukumar gandun dajin tarayyar Amurka, wadda aka kafa a 1905, tana riƙe da eka miliyan 193, wato wajen hekta miliyan 78, kaga saura kaɗan ya kai faɗin Najeriya gaba ɗaya. Ban da ita akwai wata hukumar, BLM, da ke riƙe da wajen eka miliyan 245, galibi filayen kiwo. Shekara biyar kacal da kafa hukumar dajin, a watan Agustan 1910, wata wuta ta tashi a Idaho da Montana ta cinye eka miliyan 3 cikin kwana biyu, ta kashe mutum sama da 80, yawancinsu masu kashe wutar ne. Wannan abin ya shiga jinin hukumar sosai, daga nan suka ɗauki wuta a matsayin abokiyar gaba, har a 1935 suka kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka gani dole a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Kuma sun iya, wallahi sun iya, shekara da shekaru suna kashewa.

Nasarar nan ce ta zame musu jangwam. Akwai ranar da wani dattijon ma'aikaci ya kai ni gindin wani tsohon kututturen ponderosa, irin doguwar bishiyar nan mai jan ɓawo da ta cika yammacin ƙasar, ya share saman kututturen da tafin hannu ya ce in ƙirga. A jikin zoben shekarun itacen akwai baƙin tabo, kowane tabo wuta ce da ta wuce ta lashi gindin bishiyar ba ta kashe ta ba, sai naman itacen ya sake rufewa a kai. Tabo bayan tabo, wani tsakaninsu zobe bakwai wani goma sha wani abu, haka har ka zo wajen farkon ƙarnin da ya wuce, daga nan shiru, zobe fes ba tabo ko ɗaya har ranar da aka sare shi. Da na ɗaga kai na duba inda muke tsaye sai na gane abin da yake son nuna min, ƙananan bishiyoyi ne cunkushe kamar geron da ba a cire ba, ko taku uku ba ka yi ba ka sunkuya ba, ƙasa kuma busassun ganye da kirare sun taru har ƙafa na nutsewa. A da wutar tsawa da wadda 'yan asalin ƙasar ke sakawa da gangan ita ke share wannan duk bayan 'yan shekaru, tana bin ƙasa ne, ba ta wuce gwiwa ko ƙugu. Yanzu idan ta tashi ƙananan bishiyoyin nan su ne tsaninta, ta hau su ta kama saman manyan, kuma wutar da ta kama sama ba mahaluƙin da ke tare ta, sai dai a gudu. Ka ƙara da fari da zafin da ke ƙaruwa da ƙwarin da ke kashe bishiyoyi a tsaye, shine kake ganin abin da kake gani.

Su kuwa ƙabilun asali irin Yurok da Karuk na arewacin Kalifoniya, da suka san wannan tun kaka da kakanni, doka aka yi aka hana su ƙona daji tun 1850, yanzu kuma ana ta neman su dawo su koyar. Allah mai iko.

Toh maganin a wajen masana ba wani ɓoyayye ba ne, a rage cunkoson ƙananan itatuwa, sannan a saka wuta da gangan a lokacin da iska da laima suka dace. A 2022 hukumar ta fitar da shirin shekara goma na gyara ƙarin eka miliyan 20 a dajinta da miliyan 30 a filayen wasu. Inda gizo ke saƙar shine takarda. Akwai dokar muhalli da ake kira NEPA, Shugaba Nixon ya sa mata hannu ranar 1 ga Janairun 1970, ta ce duk wani babban aikin gwamnatin tarayya sai an yi nazarin illarsa ga muhalli an ji ra'ayin jama'a. Doka ce mai kyau, ta hana ɓarna da yawa. Amma wata cibiyar bincike da ke Montana, PERC, ta duba bayanan hukumar a 2022 ta gano cewa daga fara nazarin zuwa ranar da aka fara aikin rage itatuwa ana cin shekara 3.6 a matsakaici, na saka wuta kuma 4.7. Ita cibiyar dama tana cikin masu son a sassauta dokokin, ka riƙe wannan, amma duk wanda ya zauna da ma'aikatan zai ce maka lissafin bai yi nisa da abin da suke gani ba. Dajin da ake rubuta wa rahoto yakan ƙone kafin a gama rahoton.

Ƙudirin daga nan ya taso. Bruce Westerman na jihar Arkansas, ɗan Republican, wanda shi kansa gandun daji ya karanta a Yale kuma shi ke shugabantar kwamitin albarkatun ƙasa, shi da Scott Peters ɗan Democrat daga San Diego suka kawo shi. Ya wuce majalisar wakilai a Satumban 2024 amma wa'adin majalisar ya ƙare bai je ko'ina ba, aka dawo da shi ya sake wucewa ranar 23 ga Janairun 2025 da ƙuri'a 279 da 141, lokacin tokar gobarar Los Angeles ko hucewa ba ta yi ba. A majalisar dattawa sanatoci huɗu na yamma, Curtis na Utah da Sheehy na Montana daga Republican, Hickenlooper na Colorado da Padilla na jiharku daga Democrat, suka kawo tasu sigar a Afrilun 2025, kwamitin noma ya amince da ita a Oktoba.

Abin da ke ciki, in an cire kwalliya, ba shi da yawa. An yanka ƙasar yanki-yanki gwargwadon yadda wuta ke tafiya, kowane yanki wajen eka 250,000, a ware kashi 20 cikin 100 mafi haɗari a ce nan za a fara, a kuma ba su damar aiki da hanzari irin na dokar ta-ɓaci. Akwai wani sassauci da dama doka ta tanada, aikin da bai wuce eka 3,000 ba ana iya yinsa ba tare da dogon nazarin nan ba, toh an ɗaga shi zuwa eka 10,000. Kamfanin lantarki zai iya sare bishiya mai haɗari har ƙafa 150 daga wayarsa, maimakon ƙafa 10. Za a kafa cibiya ɗaya ta tattara bayanan wuta, a faɗaɗa tsarin da jihohi da ƙabilu ke shiga su yi aiki a dajin tarayya, har da amfani da kiwo, a saki shanu da awaki su cinye ciyawar kafin ta bushe, abin da kowane Bafulatani zai yi dariya ya ce sai yau kuka sani.

Sai ɓangaren kotu, wanda shine ainihin abin faɗan. A yanzu mutum na da har shekara 6 ya kai ƙarar irin wannan aiki, sigar wakilai ta mayar da shi kwana 120, ta dattawa 150, an kuma ɗaure hannun alƙali wajen dakatar da aiki, sai ya auna illar barin dajin haka nan da illar aikin. Ƙudirin zai kuma soke tasirin wani hukunci na 2015 da ake kira Cottonwood, wanda ya taso a kan wata kyanwar daji mai suna lynx, ya tilasta wa hukumar ta sake bitar tsarin daji gaba ɗaya duk lokacin da aka ware sabon mazaunin dabbar da ke fuskantar ƙarewa.

Yanzu maganar maƙwabtanka. Ba shirme suke ba, kar ka raina su. Eka 10,000 fa murabba'in kilomita 40 ne, a ce wannan ƙaramin aiki ne da ba ya buƙatar cikakken nazari, ni ma sai na ɗan yi jim. Kuma ga inda lissafin kuɗi ke ɓata komai: itacen da ya kamata a cire shine ƙanana da kirare da ba wanda zai saya, itacen da ɗan kwangila ke so kuma shine babba mai kaurin ɓawo, wanda shi ne wuta ba ta iya kashewa, shi ya kamata a bari. Idan ba a sa ido ba sai a shiga da sunan riga-kafin wuta a kwashe manyan a bar tarin rassa a ƙasa, rana ta samu hanyar shiga ta busar da komai, iska ta samu hanya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago kenan. Na ga irin wannan a nan gida ma, takardar izini ta ce busassun itatuwa, motar da ta fito kuma ɗanyen maɗaci ne a kai. Sannan a Maris na 2025 Shugaba Trump ya ba da umarnin ƙara yawan katakon da ake fitarwa daga dajin tarayya, ma'aikatar noma ta biyo baya ta ayyana fiye da rabin dajin a matsayin na ta-ɓaci, da burin ƙarin kashi 25 na katako. Wanda ya ga wannan ya ce bai yarda a rage wa kotu ƙarfi ba, ai ba za ka ce masa mai zargin banza ba. Shi ya sa ƙungiyoyin kare muhalli irin Sierra Club da Earthjustice suka ƙi shi, ita kuma Nature Conservancy, wadda da hannunta take saka wuta a filayenta, ta goyi bayan sigar dattawan. Su kansu masu kare muhallin sun rabu.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, ba kowane daji ne ke da wannan ciwon ba. Dazukan gaɓar teku na Oregon da Washington masu yawan ruwan sama, da na saman duwatsu masu sanyi, dama can sai bayan shekara ɗari ko ɗaruruwa suke ƙonewa kuma in sun tashi ƙurmus suke yi, haka Allah ya halicce su, rage musu itace ba ya canza komai. Maganin ponderosa ne ake so a ba kowa.

Amma ni babban abin da ke damuna da ƙudirin ba katako ba ne, hannu ne da kuɗi. Ya rage takarda, madalla, toh wa zai yi aikin? Ba wani sabon kuɗi na a zo a gani a cikinsa, izini ne kawai. A 1995 kashi 16 na kasafin hukumar ke tafiya kashe wuta, zuwa 2015 ya haura rabi, har ta kai ana kwashe kuɗin riga-kafi a biya kuɗin kashe wutar bana, sai da majalisa ta gyara wannan a 2018. A farkon 2025 kuma aka sallami dubban ma'aikata, kuma irin su ne masu auna fili, masu shafa wa bishiya fenti a san wadda za a sare da wadda za a bari, masu rubuta nazarin da ake kukan yana jinkiri. Wani ɓangare na jinkirin nan ba laifin dokar ba ne, mai rubuta rahoton ne ake ɗauke shi duk bazara ya tafi bakin wuta wata uku fayil na jiransa a tebur. Injinan yankan katako ma da yawa sun rufe tun bayan da katakon dajin tarayya ya faɗi warwas a shekarun 1990 lokacin rikicin kare mazaunin wata mujiya mai ɗige-ɗige da ke fuskantar ƙarewa, don haka ko ka sare ƙananan itatuwan, a wurare da dama ba inda za ka kai su, sai dai ka tara ka jira sanyi ka ƙona.

Kuma sarewa kaɗai ba ta isa, wannan ina so ka riƙe shi da kyau. A 2021 wutar Bootleg ta ci sama da eka 400,000 a Oregon, ta bi ta wani fili na Nature Conservancy da ake kira Sycan Marsh inda aka daɗe ana gwaji tare da ƙabilun Klamath. Inda ba a taɓa ba ya ƙone ƙurmus, inda aka rage itace kawai ya ɗan fi dama, inda aka rage aka kuma bi da wuta, nan wutar ta sauko ƙasa ta wuce bishiyoyin na tsaye kore. A shekarar dai aka naɗe gindin General Sherman, bishiyar da ta fi kowace girma a duniya, da takardar alminiyam, hoton ya zaga ko'ina, amma abin da ya tsare wannan kurmin na irin bishiyar, wato sikoya, shine wutar da aka yi shekaru ana saka masa da gangan, a wasu kurmin da ba a yi haka ba dubban manyan bishiyoyi masu shekara dubu suka mutu a 2020 da 2021.

Saka wutar kuma shine aikin da kowa ke tsoro. Ana yinsa da wani gwangwani mai dogon baki da ke ɗigar da wuta, dizal da fetur ake haɗawa a ciki, mutum na tafe yana zana layi a ƙasa wasu na biye da shebur da ruwa, kuma kwanakin da iska da laima da dokar hayaƙi za su yarda duka a lokaci ɗaya ba su da yawa a shekara. In an yi daidai ba wanda zai gode maka, sai ma ƙorafin hayaƙi. In ta kuɓuce kuwa sunanka ya shiga tarihi, kamar 2022 a New Mexico inda wutar da hukumar ta saka da kanta ta ƙwace ta haɗe da wata da ta taso daga tarin rassan da aka ƙona tun lokacin sanyi, suka ci sama da eka 340,000, mafi girma a tarihin jihar, gidaje ɗaruruwa suka tafi, hukumar ta dakatar da duk wani ƙona daji na kwana 90. Ba sashen dokar da zai cire wa jami'i wannan fargabar.

Mu nan mun san wannan ilimin ai, ko da ba da sunansa ba. Wutar da aka saka da kaka ciyawa na da sauran laima lasa kawai take yi, kaɗanya da ɗorawa ko a jikinsu. Wadda mafarauta ke sakawa a tsakiyar hunturu ko bazara don gafiya ita ke kashe bishiya ta shiga gona ta ci rumbu. A yankin makiyaya na Nijar kuma kowace shekara ana sharar dogayen layuka a cikin ciyawa don wuta ta zo ta tsaya. Bambancin dai mu wuta ta yi mana yawa, su kuma ƙarancinta na shekara ɗari ne ya jawo musu.

Sai gobarar gari, wadda na san ita ce a ranka. Wutar Palisades da ta Eaton da suka ci gine-gine sama da 16,000 a yankin Los Angeles a Janairun 2025 ba a dajin bishiyoyi suka tashi ba, sarƙaƙiyar ƙananan itatuwa ce ta gangaren duwatsu, wadda ita matsalarta ma yawan ƙonewa ne ba ƙaranci ba, ga iskar Santa Ana mai ƙarfin guguwa, ga wata takwas ba ruwan kirki. Lahaina a Hawaii a 2023, inda wajen mutum 100 suka rasu, ciyawa ce. Marshall a Colorado a ƙarshen Disamban 2021, gida sama da 1,000, ita ma ciyawa ce. Ko da an zartar da ƙudirin shekara goma kafin nan ba abin da zai canza a waɗannan wuraren. Garin Paradise na Kalifoniya a 2018, inda mutum 85 suka rasu, shi kam cikin daji yake, amma tsohuwar wayar lantarkin kamfanin PG&E ce ta tayar da wutar, kamfanin da kansa ya amsa laifi a kotu, kaga sashen wayoyin lantarkin na iya yin amfani a irin nan. Sama da kashi 80 na gobarar dajin Amurka ɗan Adam ne sanadi. Kuma abin da bincike ya daɗe da nunawa, musamman aikin Jack Cohen na hukumar dajin, shine yawancin gidaje ba harshen wutar daji ke kama su ba, tartsatsi ne da iska ke ɗaukowa daga nesa, wani lokaci fiye da kilomita ɗaya, ya faɗa cikin indararo mai busasshen ganye ko ya shige ta ramin shan iskar rufi, gida ɗaya ya kama sai ya kunna na kusa da shi, daga nan gidajen ne makamashin ba dajin ba. Ƙudirin ya taɓo wannan, akwai shirin haɗa tallafin garuruwa wuri ɗaya da ɗan bincike kan gini mai jure wuta, sigar dattawa ta fi ba shi muhimmanci, amma dokar gini da ta inda za a yarda a gina unguwa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi take.

Da ni ɗan majalisa ne zan kaɗa wa sigar dattawan ƙuri'a, ina ƙorafi, in kuma nemi a rubuta ƙarara cewa manyan tsofaffin bishiyoyi ba a taɓa su, a kuma riƙa auna nasara da ekar da aka bi da wuta ba da yawan katakon da aka fitar ba. In ka ga rahoton hukumar nan gaba wannan lambar za ka duba.

Kai kuma tunda ka ce gidanka na kusa da gangaren dutse, kar ka jira majalisa. Ƙafa biyar na farko daga bangon gidan ka mayar da su tsakuwa ko siminti, ba ciyawa ba ɓawon itacen ado ba tarin itacen girki, ka share indararo da saman rufi kafin iskar kaka ta fara, ramukan shan iska ka sa musu ragar ƙarfe mai ƙananan ido, in katangar katako ce ta manne da gidan ka canza ɓangaren da ya taɓa bango zuwa ƙarfe. Ka kira ofishin 'yan kwana-kwana na unguwarku, da yawansu suna zuwa duba gida kyauta, sannan ka tambayi kamfanin inshorarka ko akwai ragin da suke yi wa wanda ya yi waɗannan gyare-gyaren, a Kalifoniya doka ta ce su yi la'akari da shi. A gaida iyali.